Aikin gida ya tona asirin shanuna

Jama'a, yau aikin gida na firamare ya hana ni cin abinci!

Ɗiyata Hadiza ta ce malaminsu ya sa kowa ya rubuto dabbobin gidansu da inda suke kwana. Ta rubuta shanuna tara, har da kangon da nake ɓoye su! A wannan zamani na ɓarayin shanu!

Na ruga makarantar. Na ce, "Malam, so kake a kwashe ni?"

Ya ce, "Haba Baban Hadiza, lissafi ne kawai."

Na ce, "To ba ni littafin."

Ya duba, babu. Sai Hadiza ta ce, "Baba, wani yaro ya ara zai kwafa, ya tafi da shi garinsu Wurma."

Ko sunan ubansa ba ta sani ba!