Mai Bula da Fatar Autarta

A shekarar 1979 na fara saninta, watan da aka mayar da ni ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da na yi wa aiki har na yi ritaya. Tagata tana kallon ɗakin wanki, inda take tsayawa daga bakwai na safe zuwa uku, tsakanin manyan bahuna. Yatsunta kullum shuɗaye ne saboda bular wanki, shi ya sa kowa ke kiranta Mai Bula. Ni kuwa ta sa mini Malam Madubi, wai ƙeyata kawai ta sani, don kullum ina sunkuye kan madubin gwaji.

Mu 'yan makarantar mishan an horar da mu da duba farce da wuyan riga, saboda haka na san wanki mai kyau. Zanin gado bai taɓa barin hannunta da tabo ba. A ganinta babu dattin da zai gagari sabulu da ƙarfin hannu.

Bayan shekara goma sha biyu, wata Talata, ta shigo ɗakina riƙe da autarta, 'yar shekara bakwai. Wuyan yarinyar da lanƙwasar hannuwanta da bayan gwiwoyinta duk sun bushe, sun tsage, sun yi duhu. An koro ta daga makaranta. Shugabar ta ce ƙazwa ce, iyayen yara sun yi ƙorafi, kada ta dawo sai ta warke. Saura mako shida jarrabawa, kuma wanda bai zauna ba, an ba wani gurbinsa.

Likita ne ya turo su in kankari fatar in duba. Na kankari wuri uku, ban ga ƙwaron ƙazwa ba, ban ga ƙwansa ba. Na tambaye ta yadda take yi wa yarinyar wanka. Ta amsa da alfahari cewa sau uku a rana, da ruwan zafi, da sabon soso, da sabulun da take wanke zannuwan asibiti.

"Kin mai da 'yarki zanin gado," na ce mata.

"To Malam, da me zan fitar da shi? Da kallo, irin naka?"

Na ba ta kujera, na faɗa mata abin da likita ya bayyana mini. Fata kamar bango ce mai shafe, ta wannan yarinya kuwa shafenta ba ƙarfi. Idan ya tsage, ruwa ya fita, ƙura da sabulu su shiga. Sai ƙananan ƙwayoyin da suka gina fatar su firgita, su saki wasu sinadarai masu kiran dakarun jini. Dakarun su zo da kumburi da ƙaiƙayi. Yarinya ta sosa, bango ya ƙara tsagewa, ƙwayoyin su ƙara kira. Ba datti ba ne, kuma ba a ɗauka.

Ta kalli hannuwanta.

"Ashe ni ke hura wutar," ta ce. "Faɗa mini abin yi, ɗaya bayan ɗaya. Ban iya karatu ba, amma ba na mantuwa."

Wanka sau ɗaya, da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso. Mai marar turare kafin jiki ya bushe. Maganin likita a wuraren da suka yi tsanani. A yanke farce. Ita da kanta ta ƙara da ɗauraye kayan yarinyar sau huɗu, ba bula. Ta ce mini abin da ya fi mata wuya shi ne ta ga tabo ta bar shi.

Cikin mako uku tsagar ta haɗe, amma duhun bai tafi ba, likita kuma ya ce ciwon mai tafiya ne yana dawowa. Nan ta gane "sai ta warke" na nufin har abada. Ta kai takardar likita makaranta. Shugabar ta karanta, ta ce ta yarda, amma iyaye ba takarda suke kallo ba. Mai Bula ba ta yi faɗa ba. Ta roƙi asibiti a mayar da aikinta na yamma, kowace safiya ta kawo yarinyar cikin kayan makaranta, su zauna kan bencin bakin ofis, inda kowa zai wuce.

A rana ta tara malamar ajinsu ta fito a gaban iyayen da suka rako yara. Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora damtsen yarinyar a kan nata, ta ja ta zuwa aji. Autar ta zauna jarrabawa, ta zo ta goma sha ɗaya cikin arba'in.

Bayan na yi ritaya na haɗu da malamar a layin karɓar magani, ta tsufa kamar ni. Ita ta gaya mini cewa jikanta na fari ya zo da irin wannan fata. Ba wanda ya aika wa Mai Bula. Ji kawai ta yi, ta bayyana a ƙofar gida da kwalbar mai. Wata huɗu tana zuwa da sassafe tana yi wa jaririn wanka, har uwar ta iya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci bencin ba.