Tafiyata Yaloke Neman Muryar Giwa

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, ni ke faɗa, 'yata Hauwa ke rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Matan Kilomita Biyar da kuka ishe ni da tambayar abin da ya kai tsohuwa irina Yaloke, ga amsarku, ku huta.

Kowa a unguwar nan ya san Giwa, tsohuwar gingimarin marigayi maigidana, mai bodin katako da dogon hanci. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan ta tsakanin Bangi da iyakar Kamaru. In ya dawo, daga kwanar Titin Kuduku yake sakin oda, dogo biyu, gajere ɗaya, ni kuma in ɗora tukunya. Bayan rasuwarsa aka sayar da ita, ta yi ta sauya hannu har ta ƙare a filin tarkacen motoci, kaji na ƙwai a cikinta. Ɗana na fari ne ya gano ta, ya sayo gawar ya ajiye a bayan gida. Ba na kama sunansa, kun san al'ada. Baban Zulai nake cewa in ta kama dole.

Shekara tara ke nan duk Lahadi yana ƙarƙashinta. Ba don ta yi dako ba, don kawai ta tashi. Ya sake katakon bodi, ya nemo fitilu, ya mayar mata da koren fentinta na da. Bara injin ya tashi. Abu ɗaya ya rage, oda, wadda yaran yanzu ke ce wa kilakson. Tun a filin tarkace aka cire ta.

Sababbi uku ya sayo yana busa mini, ina ce masa ba ita ba ce. Babu kaset mai ɗauke da muryar nan, a kunnena kaɗai ta rage. Ni kuwa na riga na cika baki a gidan suna cewa ko cikin ɗari aka jefa ta sai na tsamo ta. Sai labari ya zo cewa wani tsohon direba a Yaloke, mai tara odar motocin da, shi ya kwashe na filin nan kaf. Na ce a shirya mini jaka.

Laraba: daga gida zuwa Kilomita Sha Biyu

Ƙarfe biyar saura minti goma muka fita, bayan sallar asuba. Agogo na hannun Baban Zulai, shi ke faɗa mini lokaci. Babur biyu muka tsayar a bakin Masallacin Kuduku, dala ɗari kowannenmu. Mai babur ɗina ya ce, "Mama, ki riƙe ni da kyau."

Na ce, "Kai dai riƙe hanyarka. Na hau saman buhunan goro a bayan gingimari tun ba a haifi uwarka ba."

A tashar Kilomita Sha Biyu muka samu ƙaramar bas mai zuwa Yaloke, jaka biyar kujera. Sai bakwai da minti goma ta cika. A shinge wani jandarma ya duba takarduna, ya tambaye ni da yaren Sango ko asibiti za ni. Na ce neman oda za ni. Ya dubi Baban Zulai da tausayi, ya miƙo takardun.

Bowali da Bosambele

Tara da minti ashirin muka shiga Bowali, kilomita casa'in da biyar in ji shi. Na sayi makara mai zafi, ƙosan fulawar nan, da ayaba ta dala ashirin. Direbanmu mutumin kirki ne, amma odarsa kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Na gaya masa. Ya ce, "Hajiya, mutane dai suna kaucewa." Na ce don kunya suke kaucewa, ba don girma ba.

Sha ɗaya da kwata muka tsaya Bosambele, inda hanya ta rabu biyu. Shinkafa da busasshen kifi, dala ɗari da hamsin kwano. Baban Zulai ya cire ƙayar kifinsa ya turo mini tsokar. Wata matar Bangasu da ke kusa da ni ta ce, "Ikon Allah, wannan ɗanki ne?"

Na kau da kai na ce, "Ɗan mutane ne."

Ta ɗauka da gaske nake. Shi kuwa ko gezau. Shekara hamsin da biyu yana jin wannan amsa, bai taɓa jin na yabe shi a gabansa ba, ban taɓa ba shi labarin yarintarsa ba. Haka aka rene mu da ɗan fari.

Yaloke

Ƙarfe biyu saura minti ashirin muka sauka, kilomita ɗari biyu da ashirin da biyar daga gida, ƙafafuna sun kumbura. Tsohon direban sunansa Papa Gasto. Kirista ne, amma ya tsinci Hausa a hanyar Kamaru, yana yinta da ɗingishi. Gawar mota uku ce a tsakar gidansa, kowace ya yi mata rumfa, alhali rufin ɗakin girkin matarsa na yoyo. Suna haɗuwa da Baban Zulai suka shiga maganar noti da fistan kamar 'yan uwa ɗaya. Na ce ashe ciwon ba a gidana kaɗai ya sauka ba.

Bayan la'asar ya buɗe ɗakin. Oda talatin da huɗu rataye a jikin azara, dogaye kamar kakaki, ya goge su suna walƙiya. Da iska suke aiki, don haka aka aro injin mai faci. Aka ajiye mini kujera a gindin mangwaro.

"Mama Hajiya, a fara?"

"A fara."

Ta farko siririya ce. Ta biyu ta yi kauri. Ta tara ta sa karnukan garin haushi. Ta sha bakwai ta yi kusa, amma muryarta ta yi tsabta da yawa. Muka kai talatin da huɗu, babu. Na sa aka maimaita biyar, babu. A raina na fara cewa ko kunnen ne ya tsufa, ko abin da nake ji shekaru ni na ƙirƙira.

Baban Zulai ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Inna, ki ce ta sha bakwai ce mu tafi. Ba wanda zai sani."

Na ce, "Ni zan sani."

A nan muka kwana. Mama Terez, matar Papa Gasto, ta ba Baban Zulai kaza ya yanka da hannunsa, ta dafa mana a sabuwar tukunya, da tuwon rogo da miyar ganyen dajin nan da ake ce wa koko. Ta bar mini gadonta. Allah ya saka mata. Ni dai abin da ke raina shi ne yadda zan dubi idon Hajiya Ladi maƙwabciyata, wadda ta fi kowa jin cika bakin da na yi.

Alhamis

Ƙarfe shida na safe na zagaya bayan gida da buta. Sai na ga an tokare ƙofar akurkin kaji da wani dogon ƙarfe baƙi ƙirin, duk kashin kaji. Na wuce, na dawo. Na sunkuya na shafa wuyansa. Akwai loɓa a wurin, zagayayye, daidai kan taɓarya.

Na ce, "Papa Gasto, wannan fa?"

"Wannan ya mutu, Mama Hajiya. Wuya ya lanƙwashe. Mura yake yi."

"A wanke a busa."

Suka wanke, suka zuba mata mai, suka jona. Muryar farko ta fito cikakkiya, sai ta biyun ta biyo da shaƙewa a ƙarshe, kamar dattijo na gyaran murya. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Papa Gasto ya dafe kai.

"Na san wannan mota. Koren nan mai mura, yana wuce mu a hawan Buwar. Mijinki ne?"

Na ce shi ne.

Baban Zulai ya rungume ƙarfen nan da kashin kajinsa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Sannan ya shafa loɓar ya ce, "Wannan ba komai. Da mun koma zan kai wa maƙeri ya buge ta, ta miƙe kamar ranar da ta fito daga kamfani."

Na ce, "Ba za a taɓa ta ba."

"Inna, duk motar na mayar da ita yadda take. Wani sakarai ne ya buge ta a filin tarkace."

Na san halinsa, na ubansa ne. In ba dalili ya ji ba, sai ya gyara. Dalilin kuwa ba abin da uwa ke faɗa gaban ɗan fari ba ne. Mama Terez ma ta tsayar da shara tana kallonmu. Sai na juya masa baya, na fuskanci tsohon.

"Papa Gasto, zan ba ka labari, amma kai nake ba. Wata damina akwai wani yaro a gidanmu, watansa bakwai, zazzaɓi ya kama shi. Kwana uku bai runtsa ba, ni ma haka. Ran na huɗu da hantsi barci ya ɗauke shi a bayana, ina daka a hankali. Sai maigida ya dawo daga tafiya, ya zo har ƙofar gida ya saki oda. Yaron ya zabura, ya shiɗe. Na fita da taɓarya, ko mayafi babu, gaban mutanen titi na kwaɗa mata ɗaya."

Papa Gasto ya ce, "Mijin ya yi faɗa?"

"Ya sauko, ya dubi oda, ya dubi yaron, ya shige gida. Daga ranar bai sake busa ta a ƙofar gida ba, sai daga kwana. Abokansa suka yi ta cewa ya gyara, ya ce a bar ta, hannun mai ɗakinsa ne."

"Yaron fa?"

"Ya rayu. An ce har ya yi furfura, yana kashe Lahadinsa a ƙarƙashin mota."

Ban waiwaya ba. Na ji dai ana jan hanci a bayana. Da na juyo, ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe odar a ciki. Papa Gasto ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce a aiko masa da ɗaya daga cikin sababbin nan uku, ya tokare akurki.

Komawa gida

Tara da rabi muka bar Yaloke. Odar na kan cinyarsa har Bangi, ya ƙi yarda a sa ta a but. A shingen Kilomita Sha Biyu jandarman nan ya gane ni, ya ce, "Mama, an samu?" Na nuna masa da haɓa. Biyar da rabi muka shiga gida, ba mu yi maganar komai ba a hanya sai tsadar ayaba.

Ran Lahadi ya ɗaura ta a gefen hancin Giwa, da loɓarta. Bayan azahar ya fita da motar zagaye, ni ina ɗaki ina tsintar wake. Can daga kwanar Kuduku na ji ta, dogo biyu, gajere ɗaya. Hajiya Ladi ta leƙo ta katanga tana salati, tana cewa wallahi ita ce. Ni kuwa sai na samu kaina a bakin murhu, tukunya a hannu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Papa Gasto da Mama Terez, da direban nan mai odar akuya. Da Giwa ta tsaya a ƙofar gida, na ce wa Hauwa ta zuba wa direbanta abinci, ta laluba ƙasan tukunya ta sa masa tsokar da ta fi girma. Ban ce ta gaya masa daga wa ba.