Romon Kazar Baffa Tela

Shekara talatin Baffa ya yi yana taka keken ɗinki a shagon bakin layinmu, ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba. Bayan rasuwar matarsa, yayarsa Goggo ce ke zuba masa abinci. Don haka ranar Asabar ɗin da ya shigo da kaza a hammata, da ledar dankali da karas da rogo, Goggo ta bi shi da ido har ya ɗora tukunya.

Ya yanka karas daidai wa daida kamar mai auna yadi. Ya tsaya yana kwashe kumfa har kazar ta yi laushi, sannan ya zuba rogo, dankali daga baya. Gishiri kaɗan, barkono ko ƙwaya babu. Da romon ya nuna ya juye a kula ya fice, bai ce wa kowa ɗanɗana ba. Haka ya riƙa yi duk Asabar.

Goggo ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta fara zargin bazawarar da ke sayar masa da zare. Daga baya ta ce ai wannan girkin majinyaci ne, ta lalube aljihunansa ko za ta ga takardar asibiti. Ba ta samu komai ba sai alli.

Asabar ta biyar ta yafa mayafi ta bi bayansa. Ya wuce shagonsa, ya shiga wani ɗaki a bayan gareji. Ta leƙa ta taga, sai ga Dogo, tsohon abokin sana'arsa, wanda shekara goma ba sa ga maciji tun da ya janye wa Baffa masu kawo ɗinki. Yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Baffa ya murƙushe dankali da cokali ya miƙa masa, Dogo ya kau da kai.

"Fara sha tukuna," in ji Dogo.

"Kullum sai ka faɗi haka," in ji Baffa. Ya kurɓa, sannan Dogo ya buɗe baki.

Goggo ta juyo gida. Da Asabar ta zagayo, ta tsaya kan tukunyar ta ce ya bar rogon ya ƙara laushi, mai shan ba ya iya tauna. Baffa ya daɗe yana kallonta, sannan ya rage wuta.

Har yau Goggo na cewa akwai abin da mutanen nan biyu ba su faɗa ba.