Hular Kawu a Kan Dakalin Kornish

Ni fa ban taɓa zaɓen kansila ba a rayuwata. Na zaɓi shugaban ƙasa, na zaɓi gwamna, amma kansilan mazaɓarmu, wanda in ya yi tari a zaurensa za mu ji daga tsakar gidanmu, ban taɓa dangwala masa yatsa ba. Ba don ba na fita ba. Na sha fita, zaɓen ne ba ya zuwa.

Shi ya sa shekarar da aka yi zaɓen majalisar unguwanni a nan Ƙatar, da na ga tantunan 'yan takara a Wakra inda muke zaune, na tsaya ina kallo kamar baƙauyiya. Mu baƙi babu ruwanmu da zaɓensu, aiki ya kawo mu. Amma a ɗakin magani na asibitin da nake aiki akwai wata 'yar ƙasa da muke shiri, na tambaye ta wa za ta zaɓa. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ta jin za ta je, ai shawara kawai majalisar take bayarwa. Na ce ikon Allah! Ga akwati, ga inuwa, ga mai ƙirgawa a gabanki, ki ce ba za ki je ba? Ta yi dariya ta ce to shi ke nan, in karɓi katinta in je mata. Ba ta san gyambon da ta fama ba.

Bari in ba ku tarihin mazaɓarmu yadda na gan shi da idona. Ina 'yar firamare, zamanin soja, aka yi irin zaɓen nan na bin layi. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi ana ƙirga kawuna. Babanmu ya sa farar rigarsa ya je ya tsaya bayan wani tela, maƙwabcinmu ya tsaya bayan wani dillalin gidaje, suna hararar juna daga layi zuwa layi. An daɗe matarsa ba ta aiko gidanmu ɗiban wuta ba. Telan ya ci, ya yashe rijiyar bakin masallaci, kafin kujerar ta gama ɗumi aka rushe kansilolin a rediyo. Duk da haka shi ne karo na ƙarshe da na ga an ƙirga mutum a unguwarmu.

Da farar hula ta dawo muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Ina! Yau kantoma, gobe shugaban riƙo, jibi a ce babu halin yin zaɓe sai baɗi. In kuma an ga dama an yi, to jam'iyyar da ke mulki ce za ta kwashe kujerun kaf, ko ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa.

A cikin wannan hali babban wanmu ya sa kansa. Yaya malamin firamare ne, rabin samarin unguwa shi ya koya musu riƙe fensir. Abin da ya dame shi bai wuce wani toshasshen kwalbati da ke bayan makarantarsu ba, wanda duk damina yake juyo ruwa cikin azuzuwa da gidajen mutane. Ya gaji da kai kuka, ya ce bari ya nemi kujerar da kansa. Karon farko samari suka tsayar da shi, sai dattawan jam'iyya suka ce a yi maslaha. Maslaha a wurinmu ita ce a tara 'yan takara a zaure, a buɗe da addu'a, a ce wane ya janye wa wane, a rufe da addu'a. Aka ce Yaya yaro ne, ya yi haƙuri, gaba tasa ce. Ya janye. Karo na biyu ya buga fosta, aka ɗage zaɓen aka naɗa kantoma. Karo na uku ya yi fushi ya koma wata ƙaramar jam'iyya. Lokacin ina gida hutu, na ɗauki lemar Innarmu na je na bi layi tun hantsi. Babu akwati, babu takarda, babu malamin zaɓe. Bayan la'asar, muna nan tsaye yatsunmu fes babu tawada, rediyon mai shayi ta karanto sakamakon mazaɓarmu, har da yawan ƙuri'un da muka jefa. Wallahi wata tsohuwa da ke gabana sai da ta duba babban yatsanta.

Karo na huɗu shi ne wanda ya sa nake wannan rubutu. Yaya ya fara furfura. Ya koma jam'iyya mai mulki, tunda kowa ya san tikitinta shi ne kujerar. Masu zaɓen fid da gwani yawancinsu ɗalibansa ne, suna tare da shi. Sai dai wannan karon an tsaurara doka, ma'aikacin gwamnati ba ya takara sai ya ajiye aiki, shi kuwa saura kaɗan ya yi ritaya. Inna ta yi kuka, matarsa ta yi kuka, ni ma na kira na ce Yaya ka duba. Ya ce ya duba. Ya ajiye aikin. Bai daɗe da ajiyewa ba aka aiko da suna daga sama, wani yaro ɗan wani babba, wanda ko hanyar makarantar bai sani ba. Ɗauki-ɗora ƙiri-ƙiri. Amma samari sun ɗau zafi, don haka manya suka ga ba za ta yi daɗi ba sai Yaya ya janye da bakinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya sa shi, Kawu, wan Innarmu. Da Babanmu ya rasu shi ya tsaya mana, shi ya yi wa Yaya aure, shi ya ba da aurena, kuma yana cikin dattawan jam'iyya. Yaya ya san haka, sai ya shiga wasan ɓuya. Ya daina sallah a masallacin unguwa, ya daina ɗaukar wayar Kawu da duk lambar da bai sani ba, in an yi sallama da shi a ce ba ya nan. Dabararsa ita ce, muddin Kawu bai gan shi ido da ido ya roƙe shi ba, to bai ƙi maganar Kawu ba. Ni duk ban san wannan ba, Yaya ba mutum ne mai faɗin damuwarsa ba. Sai daga baya matarsa ta kwashe labarin ta gaya min.

Ana haka Kawu ya kira ni daga Saudiyya, ya gama umara, jirginsu zai yada zango a Doha, zai tsaya ya ga ɗakina. Murna kamar in taka rawa. Na fito da daddawar da nake ta ɓoyo na yi masa miyar kuka, maigidana ya kai shi unguwar Najma ya gaisa da yaran garinmu da ke haɗa ɗaki a can, ya yi musu nasiha ya sa musu albarka. Ko sau ɗaya bai ambaci siyasa ba. Washegari bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, muka kai shi Kornish, titin bakin tekun Doha, shan iska. Muka sayo masa shayin madara da suke kira karak, ya zauna a kan dakalin bakin ruwa yana kallon jiragen katako yana jinjina kai. Can ya ce, "'Yar nan, kira min Malam a wayar nan taku mai hoto, ya ga inda ƙanwarsa ta kawo ni."

Na kira. Bugu ɗaya Yaya ya ɗauka, fuskarsa a sake. "Likita bokan Turai, ya Ƙatar?" Haka yake tsokanata, ko da yake magani kawai nake bayarwa. Na ce, "Yaya, ga babban baƙo na yi," na juya wayar ta kama mu ni da Kawu.

Na ga yadda murmushin ya bushe a fuskarsa, amma ban fahimta ba. Suka gaisa, ya yi wa Kawu barka da ibada, Kawu ya tambayi iyali. Sannan Kawu ya ajiye kofin shayi, ya miƙe tsaye, ya sa hannu biyu ya cire hularsa ya ɗora a kan dakalin. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin tsakar kan Kawu ba. Ga shi nan tal da askin umara, a gaban masu gudu da masu tura keken jarirai.

"Malam," ya ce, "ga hulata a ƙasa. Na yi wa mutane alkawari da bakina. In ka ƙi, ni ka kunyata, ba su ba. Don Allah, don darajar mahaifinka da ke kwance, ka janye."

Na ce, "Kawu! Haba Kawu!"

Ko kallona bai yi ba. "Riƙe wayar da kyau, 'yar nan."

Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya nemi Yaya a gida ya rasa, ya san akwai lamba ɗaya da Yaya ba zai taɓa ƙin ɗauka ba, shi ne ya biyo ta har Doha, ya ci tuwona, ya yi amfani da hannuna. Akwai waɗanda suka tambaye ni daga baya me ya hana ni kashe wayar. Su zo su kashe wa Kawu waya yana tsaye kai babu hula, in gani. Abin da ya ɗaure Yaya shi ya ɗaure ni, tarbiyya ɗaya aka yi mana, kuma da ita aka kama mu.

Yaya ya sunkuyar da kai. A bayansa ina hango fostocinsa jingine da bango, ina jin hayaniyar samari a waje. Can ya ɗago.

"Kawu, mayar da hularka."

"Sai ka faɗa."

"Na janye. Mayar da hularka, mutane suna kallonka."

Kawu ya ɗauki hular ya karkaɗe ya sa. Ya ce Allah ya yi albarka, mahaƙurci mawadaci, gaba tasa ce. Gaba! Ana gaya wa mai furfura da ya ajiye aikinsa wai gaba tasa ce. Yaya ya ce amin ya kashe. Kawu kuwa ya laluba aljihu ya fito da tasa wayar, ya kira wani, abin da kawai ya ce shi ne, "An gama."

A mota bakina ya buɗe. Maigidana yana ta min ido ta madubi, na ƙi gani. Na ce Kawu ka san ya bar aiki? Ya ce ya sani. Na ce to me zai ci, me 'ya'yansa za su ci? Ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ya ce ni ina nan cikin sanyi ban san abin da ake ciki ba, da Malam ya dage da an fasa kan yaran mutane, shi kuma a ɗaure shi, fitina ya kashe. Wataƙila har ransa haka ya gani, ban ce ƙarya yake ba. Amma na ce masa shekara da shekaru kuna kashe fitina, har kun kashe zaɓen gaba ɗaya. Ya ce, "Allah ya shirye ki." Muka isa gida na ɗumama masa miya na kai masa, don ko ina tafasa ba zan bar Kawu da yunwa ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Yaron ya zama kansila. An ce ranar zaɓen akwati ya zo, mutane ne ba su zo ba. Yaya ya nemi komawa aikinsa, aka ce an riga an cike gurbin. Yanzu a wata makarantar kuɗi yake koyarwa, gidan haya ne aka yanka ɗakuna da falanki, mai makarantar kuma tsohon ɗalibinsa ne.

Na kira Yaya na ba shi haƙuri. Ya ce ba laifina ba ne, ya san ban sani ba, in bar maganar. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Har gobe muna waya, yana tsokanata, yana tambayar yara. Sai dai ya daina ɗaukar kiran hoto. In na kira sai ya katse, ya kira ni da murya, kuma kafin ya amsa sallamata sai ya ce, "Ke kaɗai ce?"