Katangar Gabas

Shekarar da gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, 'ya'yana suka haɗu suka ce in sayar da gidanmu na Garwa in koma Marwa, wurin babban ɗana da ke zaune a unguwar Dugoyi. Na yi gardama wata biyu, sannan na yarda. Gidan ba wani babba ba ne: zaure, ɗakuna huɗu, rijiya, madafa, sai ɗakin ajiya a jikin katangar gabas. Kakana ne ya kafa shi lokacin da ya zo daga ƙasar Kano yana fataucin tufafi, ni kuma na gaje shi tare da sana'ar. Aji uku kawai na yi a lekol, wato makarantar boko, mahaifina ya cire ni ya zaunar da ni a rumfa.

A unguwarmu ba a kai gida wurin dillali kai tsaye. Sai an fara buɗe wa na kusa ƙofa: maƙwabta tukuna, sannan dangi, sannan abokan sahu a masallaci. Ba wanda zai ce ya zo duba gida. Cewa zai yi ya zo gaisuwa, a ba shi shayi, a ce mata su shiga ɗaki, sai ya zaga yana ƙwanƙwasa bango da yatsa yana tambayar lafiyar iyali. In kwana goma suka wuce ba wanda ya yi magana, a lokacin ake kiran dillali. Maƙwabcin da kuka haɗa katanga shi ne na farko. Wanda ya tsallake shi, ko Jauro, mai unguwarmu, ba zai zauna masa shaida ba.

'Yata ta biyu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, ita ta ɗauki nauyin gyaran. Malamar makaranta ce, ta saba ba da umarni. Ta sa aka kai awaki gidan ƙanena, aka yashe rijiya, aka toshe yoyon rufin zaure, aka shafe bango da farar ƙasa. Tsoffin tabarmi da fasassun robobi duk ta sa aka fitar. Ni aikina zama a kujera da cewa a bar wannan, a bar wancan.

"Baba, wannan rediyon tun ina firamare ba ya magana."

"Zai gyaru."

"Wa zai gyara shi? Mai gyaran ma ya rasu."

Mahaifiyarta tana daga madafa ta ce, "Ki bar masa, Uwata. Shi da rediyon sun yi kama, a kaɗa su ne kawai su yi ƙara."

Haka muka yi mako guda ana dariya, har aka iso ɗakin ajiya. Na ce a bar shi a rufe. Uwata ta ce ba mai sayen gida da ɗaki a kulle. Aka buɗe, aka fitar da buhunan da suka yi shekaru ba a taɓa ba. Da aka ɗaga na ƙarshe, sai ga wani ƙarfe a kafe a tsakiyar ƙasa, kaurinsa kamar damtse, tsawonsa ya kai gwiwa, da zobe a kansa.

"Baba, wannan ai turke ne. Yaushe muka taɓa yin kiwon sa a gidan nan?"

Ba mu taɓa ba. Turken maƙwabcina ne.

Abin ya faru shekara talatin da suka wuce, shekarun farko bayan an canza shugaban ƙasa, ina da ƙarfina, kasuwa tana tafiya. An yi wata damina mai ruwa, katangar ƙasa da ke tsakanina da maƙwabcina na gabas ta zube. Shi Bafillace ne, dillalin shanu, ya girme ni kaɗan. Lokacin ya tafi wajen Mayo-Ulo sayen shanu, sai matarsa da ƙananan yara a gida. Na ce ni zan gina katangar da bulo da siminti, ba sai an jira shi ba. Unguwa duka ta yaba mini, har liman ya ambaci abin bayan sallar la'asar. Da magina suka zo ja igiya, sai na ce su matsar da ita taku uku zuwa cikin gidansa. Ina son wurin ajiye kaya, kuma na ga ba namiji a gidan. Matata ta kira ni gefe ta ce, "Alhaji, ba nan katangar take ba." Na daka mata tsawa, na ce ta koma wurin tukunyarta.

A cikin taku ukun nan ne turken yake, inda yake ɗaure san da yake kiwo kowace shekara. Ƙarfen ƙafar babbar mota ne, an dasa shi da nisa. Mutum huɗu suka ja, ya ƙi fita. Sai na ce a gina ɗakin a kansa, na jibga masa buhuna.

Da maƙwabcina ya dawo, ya tsaya a gaban katangar ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a zaure na shirya kalmomin faɗa. Ya juyo ya yi mini godiya da Fillanci, ya ce, "Usoko, Alhaji. Katanga ta yi kyau." Washegari ya kafa sabon turke kusa da madafar matarsa, don ba sauran wani wuri. Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan haka. Kowace babbar Sallah shi yake raka ni kasuwa ya zaɓa mini rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya hana a cuce ni. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ban taɓa ce masa komai ba.

Ban faɗa wa Uwata wannan ba a ranar. Na ce mata wani tsohon abu ne. Maginin da ke mana aiki ya duba ya ce abu mai sauƙi ne: zai zo da injin yanka ƙarfe ya sare shi daidai ƙasa, ya shafe da siminti, ba wanda zai sani. Na ce to.

Na san abin da nake yi. In aka sayar da gidan, mai awon fili zai zo ya auna daga katanga zuwa katanga, a rubuta a takarda, a buga hatimi. Daga nan taku ukun sun zama na baƙo har abada, ko na so in mayar ba ni da iko. Duk da haka na ce to. Matata kuwa kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta zama kusa.

Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne ya hana ni ba. Ranar da magini ya zo da injinsa, wuta aka ɗauke. Ya jira har azahar ya tafi. Washegari ma haka. Rana ta uku ita ce ranar da muka sa za a fara buɗe ƙofa, don haka Uwata ta kifa babban turmi a kan turken, ta share ɗakin, ta ce ya isa haka kafin wuta ta dawo.

Da hantsi matar marigayin ta shigo, tunda ita ce ta farko a ƙa'ida. Duk unguwa Goggo muke ce mata. Ta tsufa, tana dogara sanda, babban ɗanta yana riƙe da hannunta. Shi mahauci ne a babbar kasuwa, yana cikin yaran da ke ƙanana lokacin da katanga ta zube.

Ta gaishe ni da Fillanci: "Jam na, Alhaji? An ce za ka gudu ka bar mu."

"Jam, Goggo. Gwiwa ce ta kore ni."

"Gwiwa ko tuwon surukarka? Ku Hausawa in an ce tuwo, har Makka sai ku je a ƙafa."

"Ku kuma in an ce nono fa?"

"Nono ai a gida muke da shi, ba ma tafiya nema."

Ta zaga tana taɓa bango, ta leƙa rijiya, ta ce farar ƙasar ta yi kyau, da ma an shafa tun muna ciki. Ta ce su ba saye za su yi ba, ba su da hali, ta zo ne don kada a ce ba ta zo ba. Da muka iso ƙofar ɗakin ajiya, sai ta tsaya. Uwata ta ce, "Goggo, shigo ki gani, nan ma an gyara." Ta ce, "A'a, 'yar nan. Nan na san shi."

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka. Ta juya za ta tafi. Na ga in ta fita daga zauren nan, shi ke nan, wuta za ta dawo, magini zai zo. Na shiga ɗakin, na kama turmin da hannu biyu. Ya fi ƙarfina. Ɗanta ne ya shigo ya taya ni muka kawar da shi.

Na ce, "Goggo, wannan na mijinki ne. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma taku ce. Ni na matsar da igiya."

Ta dubi ƙarfen. Ɗanta ya durƙusa ya taɓa zoben, ya ce yana tuna shi, a nan ake ɗaure wani jan sa da ya taɓa tunkuyinsa.

"Yau ka sani?" in ji ta.

"Tun ranar na sani."

"Mu ma tun ranar. Ina tsaye da goyo ina kallon magina. Da ya dawo na ce mu je wurin Jauro. Ya ce a'a. Ya ce mahaifiyarka tana gidan nan, ita ta yi mini wankan jego sau uku don ba ni da kowa a garin nan, ba zai sa a kira ɗanta gaban mutane ba. Da ta rasu na sake tayar da maganar. Ya ce an wuce wurin." Ta buga sandarta a ƙasa. "Shi ya wuce. Ni ban wuce ba. Shekara talatin ina dafa abinci sa yana fitsari a gefena. Ka san yawan ƙudan da na kora?"

Na ce ta yafe mini.

"Rushe tukuna," ta ce. "Baki ba ya mayar da ƙasa."

Bayan sun fita Uwata ta zauna a bakin rijiya. Ta ce, "Baba, gobe sauran mutane za su fara zuwa. Gida a fashe za su gani? Ka bari a gama dubawa mana." Mahaifiyarta ta fito daga ɗaki ta ce, "A fashe za su gani. Kira magini." Shekara talatin ke nan tun da na kore ta a kan wannan magana, ba ta tuna mini ba ko da kalma ɗaya.

Haka aka yi kwana goman. Mutane suna shigowa ta zaure mai sabon fenti, su tarar da tarin bulo da ƙura a gabas, ana hango tsakar gidan Goggo da kajinta. Kowa sai ya tambaya. Da farko na so in ce gyara ake yi. Amma ɗan Goggo yana nan yana taya magini ɗaukar bulo, ba zan iya ba. Na farko da na faɗa wa gaskiya wani abokina ne na masallaci. Ya saurara, ya ce, "To, Alhaji, ashe ladan da liman ya ba ka a kan katangar nan sai ka mayar." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin mutum na biyar abin ya fara sauƙi. Wasu sun ji babu ɗakin ajiya, ba su dawo ba. Wani ɗan'uwana ya ce na zubar da mutuncin gidanmu, ya daina gaishe ni har na bar garin.

A rana ta takwas wani abokin sahu ya kawo baƙonsa, mutumin Mora, wanda ya kwaso iyalinsa saboda hare-haren da ake kai musu can. Ya zaga, ya ji labarin. Tambayarsa ɗaya ce: matar da ke wancan gidan, tana da faɗa? Na ce tana da shi, amma in matarka ta haihu ita za ta fara shigowa. Ya ce yana so. Ba mu kai ga dillali ba.

Ranar da aka ja igiyar sabuwar katanga, Jauro ya zo ya zauna, mai sayen yana tsaye, ɗan Goggo ya riƙe baki ɗaya na riƙe ɗaya. Goggo da kanta ta nuna inda tsohuwar take. Ta nuna daidai, ba ta ƙara ko tafin hannu ba.

Da safiyar da mota ta zo ɗaukar kayanmu, na shiga yi mata sallama. Tana zaune a sabon filin, ta sa an shimfiɗa mata tabarma a wurin. Na durƙusa duk da gwiwa, na sake roƙonta.

"Tashi, Alhaji, kada ka karye a gidana a ce ni ce," ta ce. "Na yafe. Ka yi masa addu'a, shi ne ya rufa maka asiri, ba ni ba."

Ina yi masa, bayan kowace salla. Ita ma ina yi mata, da matata da ta yi haƙuri da ni. Na gode wa Allah da bai ɗauki raina ba kafin in ji wannan kalma daga bakin Goggo.