Babanmu mai hoto da fuskar Inna

Babanmu mai hoto ne, shagonsa ɗaki ɗaya da labule mai zanen lambu da kujerar roba. Hannunsa na da kyau, amma yana da wata ɗabi'a: duk fuskar da ta shiga injinsa sai ya haskaka ta kafin ya wanke. Kyautatawa ce a wurinsa, ko ba a roƙe shi ba. Mutum ne mai sahun gaba a masallaci, ya sha ce mana Allah zuciya yake dubawa, ba fata ba. Sai ya dawo gida ya kira 'yata Gawayi.

Mu duk farare ne, shi muka biyo. 'Yata kuwa baƙa ce wuluk, kamar Inna, mahaifiyarmu, wadda ta rasu kafin a haife ta. Gwaggonninta suka ɗauki sunan Gawayin, ana dariya. Ran nan na tsinci man bilicin a jakar makarantarta. Shekarunta sha uku.

Na ja ta sai shago. Nufina ta ga Inna, ta san kyakkyawar mace ta gado.

"Baba, ɗauko mana hoton Inna. Jikarka za ta ga mai kama da ita."

Da murnarsa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Ga Inna ranar aure, ga ta da goyo, ga ta a bakin ƙofa. Yarinyar ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, wannan ai fara ce."

Baba ya karɓa, ya gyara tabarau. Ya zazzage akwatin a ƙasa, yana tonawa har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shekara talatin yana ɗaukar matarsa hoto, bai bar ko ɗaya da launin da Allah ya ba ta ba. Kunya ta rufe ni, don a bangon ɗakina ma irin wannan ne a rataye, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba.

"Innarku ta taɓa hana ni," in ji shi. "Ta ce Wanda ya yi ta bai yi kuskure ba. Na ɗauka wasa take."

"To yaya kamanninta suke?" in ji yarinyar.

Baba ya dubi fuskar jikarsa. Ya ce astagfirullah a hankali, sannan ya ciro madubin da masu zuwa ɗaukar hoto ke gyara ɗankwali da shi, ya miƙa mata.