Tallan Irin Albasa

Ina shekarata ta biyu a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Birnin Konni aka haɗa ni buro ɗaya, wato ofis ɗaya, da wani dattijo. Ya yi aikin talla a Yamai tun kafin a haife ni, ciwon ido ne ya maido shi gida. Baba muke ce masa. Shi ya koya mini kada jimlar talla ta wuce numfashi ɗaya, kada kuma a yi wa mai saurare ihu. Ranar kasuwa yakan ja ni rumfar masu atamfa, ya ce in kasa kunne in ji yadda suke shawo kan mata, don su ne malamanmu. Ni kuwa a lokacin masu kabu-kabu sun fara gane muryata a bakin tasha, har ina ganin tsohon ba shi da sauran abin da zai ƙara mini.

Da damina ta ja baya, wani ɗan kasuwa ya kawo mana gwangwanayen irin albasa a yi masa talla. Baba ya kai gwangwani ɗaya dab da idonsa, ya shafa, ya ji an liƙa sabuwar takarda kan tsohuwa.

"Alhaji, bar mini kaɗan in jiƙa cikin tsumma. In ya tsira, kwana bakwai sai mu yi maka."

"Kwana bakwai? Ai masu garka sun gama saye!"

Baba ya tura masa gwangwaninsa. Ni na bi Alhajin har mota na ce zan yi. Na rubuta, na karanta, har na ƙara da cewa ni da kaina na shuka irin a garkarmu, ya fito ba tsinke ɗaya da ya ƙi. Ko taƙin ƙasa ba mu da shi, gidan haya muke.

Bayan wata guda, ina cikin ɗakin ɗaukar murya da hantsi, na ji sallama a buro. Ta ƙofar da ba ta rufe sosai ba na hango wani magidanci riƙe da gwangwanin, ba komai ciki. Ya ce daga Badagishiri yake.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, Malam. Yaron ga mai murya nike biɗa, ya kai ni garkarsu in ga mi ya yi wanda ban yi ba. Sau biyu ina zubawa, ba ya tsira. Har na zargi ƙanena da hana ma irin ruwa, yau kwana goma ba mu magana."

Na ja baya daga ƙofar, na zauna a ƙasa. Ina jin Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwa.

"Ba hannunka ba ne, ba na ƙanenka ba. Irin ne matacce. Ni ne babba a nan, gabana aka yi tallan ban hana ba. Ka yahe muna."

Sai da mutumin ya tafi Baba ya shigo, ya same ni yadda nake. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mutumin ya bar aikinsa ya shigo mota saboda ya yarda da ni, kuma wanda ya yi tallan shi zai warware shi da bakinsa.

Da azahar na karanta sanarwa cewa an samu kuskure game da wani iri, a daina saye. Da na fito, Baba ya tambaye ni, "Wa ya samu kuskuren?" Na wuce shi na koma kujerata. Maganar garkarmu da na ƙaga ban taɓa janye ta ba.

Shekarar da ta biyo baya idon ya rufe gaba ɗaya, Baba ya bar aiki, aka ba ni kujerarsa. Sau ɗaya na je gaishe shi. Daga sallamata ya gane ni, ya matsa mini a tabarma, ya tambayi kowa na buro ɗaya bayan ɗaya. Na zo da niyyar neman gafararsa, amma har aka kira la'asar hirar tsadar man fetur muke yi, na yi masa sallama na tafi.